Littafin da ya fito daga adakar Iya

Ruwa ya ci mu da daddare a daminar 2022, shekarar da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya bi gonaki da gidaje tun daga ƙasar Ringim har can gabas. Ba labarin ambaliyar zan ba ku ba. Waɗanda suka yi makonni a ajujuwan firamare da 'ya'ya da awaki sun fi ni bakin faɗa. Nawa labarin na adakar Iya ne, kakata ta wajen uba. Kwana biyu adakar ta yi a cikin ruwa ƙarƙashin gadon ƙarfe kafin samarin gidanmu su samu su kutsa su ciccibo ta.

Tun ina ƙarama makullin adakar nan yake ƙulle a haɓar zanin Iya, ba mai taɓawa. Mu jikoki mun daɗe da yanke cewa zinare ne a ciki. Ranar da ta kwance shi ta miƙo mini, muna gidan Gwaggo a kan tudu inda muka fake, sai da gabana ya faɗi. Ta ce, "Ungo, kishiya. Buɗe mu ga abin da ruwa ya rage mini."

Babu zinare. Zannuwan saƙi ne guda biyu, da likkafanin da kakana ya kawo mata daga Makka, sai wata leda da ruwa ya samu hanya ya shige. A cikinta takardu sun jiƙe sharkaf: takardun haraji, katin asibiti, katunan zaɓe iri-iri, wasiƙar ajami, anini uku naɗe a guntun jarida, da hotuna 41 da suka manne da juna.

Ɓarnar farko da hannuna na yi ta. Abin da ya jiƙe a ƙauye rana ake kai wa, ko hatsi ne ko katifa. Na ɗora dunƙulen hotunan a kan faifai na kai tsakar gida kamar mai shanyar kuɓewa. Kafin la'asar sun bushe ƙamas, sun zama abu guda kamar ƙanzo. Na sa farce na ɓamɓare na sama, na ji wata 'yar ƙara. Na ƙasansa hoton kakana ne ranar da ya dawo daga aikin hajji. Rawanin yana nan, babbar rigar tana nan, fuskar kuwa ta bi bayan hoton da na cire. Iya tana zaune tana kallo. Ba ta ce uffan ba, carbinta kawai ta ci gaba da ja. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar hoto a garin Ringim, tun zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a wanke fim, shi ya nuna mini hanya. Ya ce hoto a cikin ruwa aka haife shi, ruwa ba baƙonsa ba ne. Abin da ke kashe shi dauɗar ruwan ce, da daɗewa a jiƙe, da ɓamɓara a bushe irin wadda na yi. Ya ce in zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a roba, in sa dunƙulen a ciki, in jira har hotunan su fara zamewa da kansu. Kada in goga, kada yatsa ya taɓa fuskar hoto, in ruwan ya yi dauɗa in sake wani. Wanda ya rabu in kwantar da shi rigingine a kan farin ƙyalle a inuwa, kowa da wurinsa. Rijiyoyinmu duk sun gurɓace a lokacin, don haka da ruwan leda na yi aikin, yara suna kallona suna mamakin wannan almubazzaranci. Hotuna 26 suka tsira. A namu dai masu kala sun fi shan wuya, gefensu ya narke ja da rawaya kamar an wanke lalle. Tsofaffin nan na baƙi da fari suka fi juriya.

Da muka koma gida aka ta da katangu, sai na rasa inda zan kai su. In mayar da su leda a adaka, mu jira wata daminar? Ƙanwata da ke karatu a Gumel ita ta nuna mini wani bidiyo a waya. Matan Turawa ne suna manna hotuna a manyan littattafai, da tikitin jirgi, da busasshen fure, da 'yan rubuce-rubuce a gefe. Na ce mata wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Amma abin bai bar raina ba, domin ni ma ina da tabo. Hotunan bikina kaf a memori suke, wata rana na sa shi a waya ya ce a goge shi kafin ya buɗe, shi ke nan. Ga hoton da aka ɗauka kafin a haifi mahaifina ya sha ruwan ambaliya ya fito, nawa na jiya-jiya ko ruwa bai gani ba ya tafi.

Ni malamar firamare ce, kwali da almakashi da rula ba baƙina ba ne. Da hutun ƙarshen shekara ya zo na shiga Kano, na nufi Kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan rubutu. Akwai albam na kanti mai aljihunan leda, amma girman hoto ɗaya aka yanka masa, ba wurin takarda, ba wurin rubutu. Akwai kuma mai danƙo a shafi wanda ake rufawa da leda. Shi na san halinsa tun muna makarantar kwana: bayan 'yan shekaru danƙon yakan yi ja, ya riƙe hoto ya ƙi saki. A bidiyon na ji suna nanata takardar da babu sinadarin asid a cikinta, wadda ba ta sa hoto ya yi rawaya. Na tambayi wani mai shago, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kwali dai kwali ne." Na sayi fari mai kauri irin wanda muke zanen darasi a kai. Masu launi na bar su, don na sha ganin yadda shuɗin da ruwan hodan suke zuba da zarar danshi ya taɓa su. Na haɗa da farar takarda mai laushi ta sawa tsakanin shafuka, da ambulan, da fensir, da reza.

Yadda zan haɗa shafukan shi ya ɗan tsayar da ni. In na ɗinke littafin, gobe wani ya kawo hoton da ya kamata ya shiga tsakiya, yaya zan yi? Amsar tana zauren makwabcinmu alaramma. Alƙur'anin da ake rubutawa da hannu a ƙasarmu ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, a jera a tsakanin tadarishi, wato bango biyu masu tauri, a ɗaure, a sa a gafaka. Don kada shafuka su rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. Dabarar nan na ara. Na yanka kowane kwali gida huɗu, a ƙasan kowane shafi in rubuta kan maganar shafin da ke biye. Na kai awo wajen wani baduku ranar kasuwa ya yi mini bango biyu na kwali mai tauri, ya lulluɓe su da jar fatar akuya, ya sa igiyar ɗauri. Shi da kansa ya ce ba zai yi masa fasalin gafaka ba, kada wani ya gani ya zaci littafin Allah ne alhali hotuna ne a ciki. Na ga gaskiyarsa.

Sai maganar gam, wadda ta ci mini kusan wata guda. Salatif tun farko na soke shi, don akwai hoto biyu a adakar da wani ya taɓa liƙa yagewarsu da shi, ledar ta faɗi tuntuni, ta bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har fuska. Na jiƙa ƙaro irin wanda almajirai ke sawa a tawada. Ya kama da kyau, na yi murna. Da hunturu ya tsananta sai ya bushe ya yi ƙaras, takardu suka fara ɗagowa, kyankyasai kuma suka gano akwai abinci a wurin. Sitacin rogo ma haka, har da tururuwa. Farin gam na kafintoci yana riƙewa, amma yana sa siririyar takarda ta yi kumbo-kumbo, kuma abin da ya riƙe ya riƙe ke nan har abada. Allah ya taimake ni a kan tsofaffin takardun jarrabawar 'yan ajina na yi duk gwajin nan.

Abin da na tsaya a kai mai sauƙi ne har ya ba ni haushi da ban fara da shi ba. Ambulan tana da kusurwa huɗu, kowace kusurwa ɗan aljihu ce. In yanke su, in shafa gam a bayansu kaɗai, in manna a kwali daidai girman hoton, in zura hoton a ciki. Gam bai taɓa shi ba, ranar da aka so a zare shi a duba bayansa sai a zare. Takardun haraji ma haka na yi musu. Rubutu kuwa da fensir, a kan kwalin, ba a bayan hoto ba. Biro yana huda hoto ya fito ta gaba, in ya ji danshi kuma ya zuba.

Ɓarna ta biyu a wani shagon fotokwafi aka yi mini ita, amma ni na kai kaina. Na tafi da niyyar a yi wa takardun laminatin, tunda kowa ya ce shi ne maganin ruwa. Na ce a fara da wata 'yar takarda tawa, hoton sikanin da aka yi mini a cikina na fari. Ta shiga injin fara, ta fito baƙa ƙirin. Ashe irin takardar nan, da ta rasit ɗin POS, ba tawada ba ce a jikinsu, zafi ne ke fito da rubutun, to ga shi an ba ta zafi gaba ɗaya. Yaron shagon ya yi ta ba ni haƙuri. Na tattara takardun Iya na mayar jaka, ko ɗaya ban bari ta shiga ba. Ko ba ta ƙone ba, takardar da aka narka wa leda a jiki ba ta sake fitowa. Fotokwafi kawai na yi na kowace.

Duk wannan aikin hannu ne, kowa zai iya. Wuyar tana wajen Iya.

Bayan sallar isha'i nakan ɗauki fitila mai caji da shafi biyu ko uku in tafi ɗakinta. Na fara da takardun haraji don na zaci su ne marasa labari. Na farkon da fam da sule aka rubuta kuɗin, na baya da naira, domin a farkon 1973 aka bar fam aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Na ƙarshe na 1978 ne, daga nan babu, saboda da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, mu kuwa lokacin Kano muke, sai 1991 aka yanke Jigawa. Na tambayi Iya me ya sa aka adana su haka kamar takardar gona. Ta ce ai namiji ba ya fita kasuwa ko tasha ba da ita ba, a cikin hula ake sa ta, in aka tare mutum babu ita ya shiga uku. Ta sa yatsa a kan ɗaya, ta farkon naira, ta ce wannan da kuɗin akuyarta aka biya, shekarar fari, gero bai yi ba, gyaɗa ba ta yi ba. "Ya ce rance ne. Har ya koma ga Allah ban ga ko anini ba. Rubuta, kishiya. Rubuta a nan cewa ina bin sa akuya." Na rubuta, yana nan a shafi na 7.

Aninan ba su ba ni wahala ba, tunda da hujinsu a tsakiya. Da allura da zare na ɗinke su a jikin kwalin, na kewaye su da guntun katan mai kauri don kada su danne shafin da ke kansu. A ƙasa na rubuta wa yaran yanzu lissafin da Iya ta karanto mini ba gargada: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Guntun jaridar da suke ciki na Gaskiya Ta Fi Kwabo ne, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Ya yi ja ya yi rauni, har ya shafa wa takardar da ta kwanta a jikinsa launi. Shi ya sa na ware shi a ambulan tasa, fotokwafinsa na sa a shafin.

Iya ba ta san shekara da lamba ba, da abin da ya faru take ƙirga. Shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972 ke nan. Shekarar da aka kashe Murtala, 1976. Shekarar Maitatsine, 1980. Shekarar sanƙarau, 1996. Shekarar da rana ta yi husufi aka fita salla da hantsi, 2006. Sai na buɗe shafi guda a gaba na jera su, maganarta a dama, lambar a hagu, ya zama makullin littafin. Da haka ma na sha ƙasa. Hoton auren Gwaggo ta ce shekarar canjin kuɗi ne, ni kuwa na rubuta 1973 da ƙarfin gwiwa. Gwaggo ta zo ganin gida, na nuna mata ina jiran yabo. Ta kama haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, ina shekara uku aka yi mini aure?" Ashe canjin 1984 ake nufi, na mulkin soja na Buhari, da aka sauya launin takardun kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki su kai banki. Muna wannan musu kuwa a farkon 2023, ana tsakiyar wani canjin, takardar naira ta yi wuyar gani har ambulan sai da na ci bashi. Canjin kuɗi aƙalla uku ke nan a rayuwar mace ɗaya. Fensir ya cece ni, na goge na gyara.

Sunaye suka fi komai. Iya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, kuma duk wanda ya ci sunansu shi ma ya tsira daga bakinta. In na nuna mutum a hoto na ce, "Iya, wannan fa?" sai ta ce, "Shi ne." In ce shi wa? Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido." Waɗannan da sauƙi, Baba da su Baffa suka cike mini. Amma akwai hoto guda da ya gagari kowa. Yaro ne ɗan shekara goma sha, da 'yar shara da hula, allo a hannu, ya ƙame yana zare ido irin na wanda bai saba da mai hoto ba.

Ɗan farin Iya ne. Ban taɓa sanin an yi shi ba. Sunan malamin kakana aka sa masa, saboda haka tun ranar suna ba wanda ya kira shi da sunan yanka, Malam Ƙarami kowa ke cewa. Shekarar hannun dama aka sa shi a jirgin ƙasa a tashar Ringim zuwa Nguru karatun allo. Baba yana da shekara huɗu a lokacin, abin da yake iya tunawa kawai kukan jirgin. Hoton daga can aka aiko shi tare da wasiƙar ajamin nan. Labarin rasuwarsa kuwa ya iso ana cikin juyayin Murtala. Na kai wa alaramma wasiƙar ko sunan yana ciki. Ya ɗaga ta a haske ya girgiza kai. Da tawadar allo aka rubuta ta, ta gawayi da ƙaro, wadda dama an yi ta ne don a wanke. Layi uku na ƙasa suka rage, gaisuwa ce da roƙon a aiko da bargo. Ya nuna mini wata warƙar addu'a da muka samu a ledar, wadda aka rubuta da yambari, tawadar da ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera. Ita ko gezau. Warƙar addu'ar na mayar wa Iya, ba ta shiga cikin hotuna ba.

Dare uku ina zagaye maganar. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne: mace irin Iya ko yana raye ba za ta kama sunan ɗan fari ba, balle yau. A dare na uku na ce, "Iya, in kin tafi da shi, ba mai sa sunansa a addu'a." Ta daɗe ba ta tanka ba. Ta gyara fitilar, ta kawar da kai wajen bango, ta ce, "Annabin nan da kifi ya haɗiye." Na rubuta. Hannuna yana rawa, har bakin fensirin ya karye. Washegari Baba ya zo ya tsaya a kan shafin, ya karanta sunan wansa a karo na farko yana da shekara hamsin da biyar. Ranar Juma'a ya sa aka yi masa addu'a a masallaci.

Ba duk shafukan ne masu nauyi haka ba. Waɗanda matan gida suka fi so na ƙyallaye ne. Na bi ɗaki-ɗaki da wajen telanmu ina roƙon ragowar atamfa, ankon bikin wance, zanin sunan wane, goyon da aka goya su Yaya. In yanka kamar tafin hannu, in huda kwalin da allura tukuna, sannan in ɗinke gefe huɗu. Na lura mata sun fi gane ƙyalle a kan fuska. A nuna musu hoton taro su yi ta musu a kan wace ce wannan, a nuna musu ƙyallen ankon kuwa nan take za a ji wa ya yi kiɗa, wa ta yi faɗa da wa, nawa aka sayi turmi a Kantin Kwari. Ni dai in riƙe fensir in yi ta rubutu. Iya ta yarda na yanki bakin ɗaya daga zannuwan saƙinta, bayan ta sa na rantse ba zan wuce faɗin yatsa uku ba.

Ƙyalle ne ma ya tona wani asiri. Akwai hoton kakana a zaune, Iya a tsaye a damansa, hagunsa kuwa an yanke da reza, tsaf, sai hannun mace a kan kujera da gefen zaninta. Na ce, "Iya, wa ya yanke nan?" Ta ce, "Ɓera." Na ce ɓeran gidan nan har da reza yake yawo? Ta ce in kiyaye ta. Gwaggo ta dubi gefen zanin sau ɗaya ta ce na mahaifiyar Baffa ne, abokiyar zaman Iya da aure ya ƙare tsakaninta da kakana tun kafin a haife ni.

Na rasa yadda zan yi da shafin. In na bar hoton a waje, na goge matar sau biyu ke nan. In na sa shi haka, Baffa zai buɗe ya ga hannun uwarsa ba ita. Na je na same shi da hoton, na gaishe shi, na ajiye a gabansa ban ce komai ba. Ya dube shi ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Bayan kwana biyu ya aiko ɗansa da ɗan hoton fasfo nata, na tsufa, wanda aka ɗauka don katin zaɓe. Na sa shi a gefen da aka yanke, na rubuta sunanta da garinsu. Ranar da Iya ta iso shafin ta wuce shi da sauri kamar ya ƙone ta. Sai bayan mako biyu, ina tattara kayana zan fita, ta ce, "Waccan ɗin. Ta iya fura. Sa a ciki, kada a ce na hana."

An samu wanda ya yi mini magana a kan hotunan su kansu, cewa tara su ba kyau. Ni ba malamar addini ba ce, ban ja da shi ba. Na san malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Na ce masa nawa a rufe suke a ɗaure, ba a rataye a bango ba, kuma rabin littafin ma takardu ne da tsummoki. Ya ce Allah ya sa mu dace, na ce amin. Bayan wata biyu matarsa ta kawo mini katin ɗaurin aurensu.

Yanzu littafin ya kai shafi 64, ba na Iya kaɗai ba ne kuma. Akwai sakamakon jarrabawar Baba na firamare, da katin rigakafin yara, da zangarniyar gero guda da aka samu a tsaye a gonarmu bayan ruwan ya janye, wadda na busar na sa a ambulan don ta yi kauri da yawa. Ba ya kwana a ƙasa. A saman kabad yake, naɗe a farin zani da ƙwayoyin kafur a gefe, ba a jikin takarda ba. Leda na daina ɗaure shi a ciki, don da damina tana tara gumi. Duk shafin da na gama nakan ɗauke shi a waya da safe a inuwa, in tura guruf ɗin dangi na WhatsApp, ya zama yana hannun mutum talatin ba memori ɗaya ba. Daren Alhamis da na Juma'a nake zama aikin, in na gama duba littattafan 'yan aji. Yara sun san ba a taɓa almakashin nan.

Watan jiya na yi shafin 'ya'yana. Uku ne, kowa da hotonsa da ƙyallen zanin sunansa. Na sa har baƙar takardar sikanin nan a kusa da babban, na rubuta abin da ya same ta. Na kai wa Iya da daddare kamar kullum. Ba ta karatun boko, amma ta san inda rubutu yake da inda babu. Ta bi shafin da yatsa, ta tsaya a ƙarƙashin hoton babban, inda na sa ranar haihuwa da shekara na bar sauran wurin fari.

"Nan fa? Ba ki sa komai ba."

Na ce zan sa, fensirin ne ba ya ci.

"Wa ye shi?"

Na ce, "Iya, ai kin san shi."

Ta yi dariya har da tari, sai da na miƙa mata ruwa. Ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa ƙanwata kira, wadda ta zo hutu daga Gumel. "Zo ki karɓi fensirin nan ki rubuta wa yayarki sunan ɗanta. Dare uku ta hana ni barci a kan nawa."